Fijon Baba da Jar Motar Musaddiq

Litinin, 7 ga Oktoba
Musaddiq ya iso daga Abuja da wata jar mota, cikinta kamar zai shari ƙasa. Ƙofa biyu, kujera biyu. Ƙanena ne fa, amma a gaban jama'a ya daki bayan Fijon da Baba ya bar mana, wai, "Yaya, har yanzu akwalar nan tana numfashi?" Aka kwashe da dariya, har da Saminu mai shayi da nake kaiwa Katsina kyauta. Wallahi sai na rama.

Laraba, 9 ga Oktoba
An yanke a tasa za a kai Ikilima, 'yar marigayi Yaya Mansur, ɗakinta a Baure. Shekara arba'in duk amaryar gidan nan Fijo ce ke kai ta. Amarya tsakanin gwaggonninta biyu take zama, amma ba wanda ya duba kujerun, fenti ya ɗauke musu hankali. Ba ni zan tuna musu ba.

Alhamis, 10 ga Oktoba
Tasa ta fi gudu, na yarda. Tawa kuwa buhu biyar take ɗauka ta keta yashi ko tari ba ta yi. Na cire batirin Fijo na tura ƙarƙashin gado.

Asabar, 12 ga Oktoba
Bayan la'asar aka fito da amarya. Gwaggo Maimuna ta leƙa jar motar ta ce, "To ni a ina? Bisa rufi?" Musaddiq sai gumi. Ina kan tabarma ina yankan farce, daɗi har wuya. Ya zo ya durƙusa: "Yaya, don Allah." Na ce ai akwala ta daina numfashi.

Sai Ikilima ta yi magana daga cikin lulluɓi: "Baffa, a cikinta Abba ya kawo Ummata gidan nan."

Na shiga na jawo batirin kowa yana kallo. Kunyar da na haɗa wa wani, ni na sha ta. Bugu ɗaya ta tashi.

Talata, 15 ga Oktoba
Na tarar da Musaddiq zaune a cikin Fijo, ƙofa a rufe. Wai kujerun har yanzu ƙamshin Baba suke. Shekararsa huɗu Baba ya rasu, na manta da wannan. Bai san giyar a jikin sitiyari take ba, sai da na nuna masa.

Ba hucewa na yi ba. Mota ce, tana son a riƙa motsa ta. Mukullin yana wurinsa.