Hular da ta gagari yatsun Baba

Assalamu alaikum Baba, gaisuwa mai yawa tare da girmamawa. Shekara uku ke nan da rasuwarka, sai yau na samu ƙarfin halin faɗa maka wata gaskiya.

Ka tuna zuwanka wurinmu a Greensboro ta Amurka neman maganin rawar hannu. Wata biyu ka yi a falo kamar an ajiye kaya. Kai da ka shekara arba'in kana farauta da bindigar adaka, ka koma kallon motoci ta taga. Ko katin waya na sayo don ka kira gida, sai ka ce ba ka da labarin bayarwa.

Surukinka ne ya kai mu McLeansville, gonar wani tsohon Bature mai suna Dale da suke aikin kanikanci tare. Muna sauka ka ɗaga hanci, ka ce wani ya ƙona albarushi a nan. Dale ya fito da libarba irin ta kakanninsa, mai ɗaki shida. Kowane ɗaki sai an zuba masa albarushi, a danna dalma, sannan a sa wata 'yar hular tagulla a baya, wadda kunamar bindigar ke sara wuta ta tashi. Ba ka jin Turanci, ba ya jin Hausa, amma kun yi awa uku kuna gardama da hannu a kan awon albarushi. Rannan ka ci tuwo har da neman ƙari.

Daga nan kowace Asabar ka riga kowa sa takalmi.

Sai hannun ya ƙara lalacewa. Zuba albarushi kana iyawa, danna dalma ma haka, amma hular nan ba ta kai ƙwayar masara ba. Ina kallo ta faɗi cikin ciyawa sau uku a jere. Dale ya kau da kai, ni ma na kau. Asabar ta zagayo ka ce gwiwa ke damunka, alhali lafiyarta ƙalau.

Ga gaskiyar, Baba. Dale ya taɓa gaya mini ana cire tulun bindigar mai juyawa, wato mai ɗakunan nan shida, a sa wani mai cin harsashi haɗaɗɗe, albarushi da dalma da hula duk a ƙunshe, zurawa kawai za a yi. Ni na roƙe shi ya yi haka. Ya ce in fara tambayarka, na ce na fi shi sanin ubana. Ka san ni da rawar kai.

Da ƙyar na lallashe ka muka koma. Dale ya miƙo maka bindigar da harsashi biyar a tafin hannu. Ka juya ta, ka leƙa bayanta, ka zura ɗaya ya shige sumul. Sannan ka tambaye ni wa ya ce a yi wannan, ni kuma tsoro ya kama ni na ce Dale ne ya ga dama. Ka ajiye ta a kan tebur, ka ce in gaya masa ka gode, amma ba ka zo a tauna maka abinci ba. Ban fassara ba. Na ce masa ka gaji.

Har ka koma gida ba ka sake yi masa dariya irin ta da ba, shi kuwa bawan Allah bai taɓa tona ni ba. Wannan abu yana cina har yau.

Amma kafin mu tashi rannan ka sa ya mayar da tsohon tulun. Ka zuba albarushinka, ka danna dalmarka, ka tsaya. Kai da ko sandar ɗurin adakarka ba ka bari mace ta taɓa, ka miƙo mini gwangwanin hulunan.

“Uwata, ara mini yatsunki.”

Ni ma sai da na yar da biyu kafin na gama ɗana su. Ka harba biyar, uku suka sami allon da ake auna, hayaƙi ya rufe mu har ina tari. Ka ce yadda nake ɗana hula ba laifi, sai dai na cika gaggawa.

Makon jiya na je na gaya wa Dale zan rubuto maka. Ya ce ai ka sani tun a ranar, don ka nuna ni da leɓe a bayan idona, ka girgiza kai. Ban sani ba ko faɗa ya yi don ya sanyaya mini rai. Idan ka sani, ka rufa mini asiri har ka tafi. Idan ba ka sani ba, ka huce da shi, Baba, laifin nawa ne.

Allah ya yafe maka, ya haskaka makwancinka, ya sa kai ma ka yafe mini.

'Yarka mai gaggawa,
Uwarka