Ina Tsoron Jefa Ƙwayar da Za Ta Kashe Jarumin Yayana

Anti, don girman Allah ki ba ni shawara kafin Asabar, kuma kada ki yi dariya don kin ji maganar wasa ce.

Tun muna yara Yayana yake shirya mana wani wasa a falo. Shi ne mai ba da labari, yana zaune bayan wani kwali da taswirarsa. Mu kuma kowa da jaruminsa, muna shiga kogunan dutse da kufai muna gamuwa da dodanni. In an zo wurin hatsari sai a jefa ƙwaya irin ta ludo, abin da ta nuna shi ke nan. Dokarsa irin ta mutanen dā ce: jarumin da ya mutu ya mutu. Nawa ya sha mutuwa, in yi kuka, ya miƙo min sabuwar takarda in ƙirƙiri wani jarumin.

Bara ɓarin jikinsa ya shanye, harshensa ya yi nauyi. Mutumin da yake yin muryar sarkin aljanu har gabanmu ya faɗi, ya koma sai nuni. Da ya ɗan samu sauƙi sai ya tura min kwalin da hannunsa mai lafiya, ya sa na yi alkawarin ba zan taɓa murɗe masa ƙwaya don tausayi ba. Yanzu ni ce mai labarin, shi yana wasa tare da matarsa da amininsa Tela. Jaruminsa wani tsohon maƙeri ne mai guduma. Anti, jimlar farko da ya haɗa cikakkiya tun kwanciyarsa, da muryar maƙerin nan ya yi ta. Matarsa sai da ta shiga kicin ta share hawaye.

To, a zaman da ya wuce dodo ya koro su zuwa wata siririyar gada. Yaya ya ce su tsere, maƙerinsa zai tsaya ya tare hanya shi kaɗai. Ƙarfin maƙerin saura ƙiris. Na ɗauki ƙwayar ke nan, sai lokacin shan maganinsa ya yi, na fake da wannan na tashi zaman.

Tun ranar ba ni da sukuni, ga shi Asabar ɗin nan za mu ci gaba daga inda muka tsaya. Matarsa ta ja ni gefe tana roƙo in jefa a bayan kwali in faɗi ƙarya, wai maƙerin ne yake sa shi yarda da atisayen asibiti, kuma likita ya ce a kiyaye masa hawan jini. Tela kuwa ya ce Yaya ya san motsin idona, in na yi coge zai gane mun mayar da shi abin lallashi. Gaba kura, baya sayaki. A wurin aiki ma sai in riƙa hango fuskarsa ta sake karkacewa a kan teburin wasan, a ce ni ce sila. Yaya zan yi?

Ƙanwar Maƙeri

Ƙanwata, ban yi dariya ba. Abin da ya dawo wa mara lafiya da magana ya wuce a raina shi.

Matar Yayanki tana da gaskiyarta. Ita take ɗaga shi ta kwantar, ta san ranakun da ba kya gani. Amma Tela ma bai yi ƙarya ba. Kuma ki lura, wanda ya daɗe yana jan wasan nan ya fi ki sanin abin da ke jiran mai tsayawa a gadar. Da saninsa ya tsaya. Mutumin da aka yi wata da watanni ana tallafa, ya samu wurin da shi ne mai kare wasu. In kika ƙwace masa wannan a ɓoye, kin yi masa ɓarnar da ta fi mutuwar maƙeri.

Maganar jini ba taki ba ce, ba tawa ba. Ku kira likitansa ke da matar, ku tambaye shi kai tsaye ko zumuɗin wasa zai cutar. In ya ce a dakata, ku gaya wa Yaya gaskiya, wannan ba karya alkawari ba ne.

In ya ba da dama, ki je wurin Yaya kafin Asabar a matsayin ɗaliba. Ki gaya masa kina tsoro, ki tambaye shi yadda yake yi in jarumi zai mutu a hannunsa. Ku ƙirƙiri wani sabon jarumi tare, ya zauna a shirye. Ranar kuma ki jefa ƙwayar a tsakiyar tebur kowa yana gani. Mai yiwuwa ma maƙerin ya sha. In bai sha ba, ki ba shi filin maganarsa ta ƙarshe, kuma komai daɗewar da zai yi yana haɗa ta, kada wanda ya ƙarasa masa.

In kun ga ya yi shiru na kwanaki ko ya ƙi atisaye, ku koma asibiti da wuri. Ke kuma ki sauke wannan kayan daga kanki, ba ke kika ɗora masa ciwo ba.

Allah Ya ba Yaya lafiya mai ɗorewa, Ya saka wa matarsa, ke kuma Ya tsayar miki da hannu ranar Asabar.