Inna Ta Ga Angonta

Ɗansoshiya, ranar Litinin.

Zuwa ga Yaya Ghali,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, Ya tsare ka a kan ruwan nan da kake aiki, Ya fito mana da kai lafiya. Na san sai ƙarshen wata za ku sauko tudu ka samu waya, shi ya sa na rubuto ta hannun matarka Muhsina, ta ajiye maka. Barka da arziki, Allah Ya raya mai sunan Baba. Mu nan lafiya lau, damina ta yi kyau, masarar Kawu Idi har ta fi shi tsawo, shi da dama ba wani tsawo gare shi ba.

Maganar idon Inna ce. Na hagu ka san ya riga ya tafi, na dama kuma yanar ido ta rufe shi. Likita ya sa gobe Talata a yi aiki, kuma bai ɓoye mana ba, ya ce ana iya dacewa, ana iya rashin dacewa. Tun da ta ji haka ba ta da magana sai ɗaya: a nuna mata angonta kafin a taɓa idon. Haka take kiran jaririn, tunda sunan mijinta ya ci, ba za ta iya faɗa ba. To ga Fatakwal da kuke ba nan kusa ba, ga mai jego ba ta isa tafiya ba, sai dai kiran bidiyo. Shi kuwa kiran, kwana tara ke nan ya ƙi shiga. Ka san gidan nan, in ba ta eriyar da ka kafa a kan dogon ƙarfe ba, waya ko gaisuwa ba ta yi, kuma hanya ta caɓe, ba mai ɗora Inna a babur don neman sabis. Wallahi Yaya, na ji tsoro sosai.

Na gane matsalar daga ƙaramar kwamfutar da ka haɗa ce, mai tace shafukan intanet. Jerin shafukan da take toshewa ya sabunta kansa, ya haɗa da na kiran. Zuciyata ta ce in cire ta gaba ɗaya in huta, sai na tuna ka yi wa maƙwabta alkawari cewa 'ya'yansu za su yi karatu da intanet ɗinmu ba tare da sun faɗa shafukan caca da na banza ba. Alkawari kaya ne. Sai na ɗauko littafin da ka bar mini, mai rubutun nan naka kamar tafiyar kaza, na zauna da hantsi a gindin darbejiya. Na sa Muhsina ta yi ta kira, ina duba bayanan abin da na'urar ke tarewa, har na tsinci sunaye huɗu da ke fitowa duk lokacin da ta kira. Na rubuta su a fayil na amintattu, kowanne a layinsa.

To a nan ƙanwarka ta yi abin kunya. Ka san ni da tsabtar rubutu, tun firamare in na gama sai na bar layi. Na gama suna na huɗu, na danna maɓallin sabon layi sau biyu, na bar layi guda babu komai. Na buga umarnin grep -v -f, mai cire amintattun daga jerin toshewa, kamar yadda na gani a shafin farko na littafin, na ƙirga abin da ya fito da wc -l, sai na ga sifili. Sifili fa, Yaya! Sunaye sama da dubu tamanin, ko ɗaya bai rage ba. Ashe shi layin da babu komai, grep na ɗaukar sa ya dace da kowane layi, sai ya kwashe duka. Na yi salati da ƙarfi har Inna ta tambaya daga ɗaki ko wani ne ya rasu. Abin da ya cece ni shi ne jan biron da ka ja a ƙasan shafin, inda ka ce kada in taɓa rubutawa a kan fayil na asali, manomi ba ya cin iri. A sabon fayil na zuba, na asali yana nan daram.

Na goge layin, na juya shafi na gaba, wanda da garaje bai sa na tsallake shi ba da ban sha wannan wahala ba. Na buga yadda ka rubuta: grep -v -x -F -f amintattu.txt toshe.txt > sabo.txt. Na sake ƙirgawa, huɗu kacal suka ragu daga jerin. Inna ta tambayi me nake ta ƙwanƙwasa, na ce mata tsintar shinkafa nake, ɗazu na zubar da shinkafar har da tsakuwar. Ta ce ai dama ban taɓa iya tsinta ba.

Na ɗora sabon jerin, na kashe na kunna. Bayan la'asar Muhsina ta kira, ya shiga. Inna ta karɓi wayar da hannu biyu, ta kai ta dab da idon dama har hancinta na taɓa gilashin, ta ƙura wa jaririn ido. Can ta ce a juya mata shi gefe. Da ta ga kunnen, sai ta yi dariya, hawaye na zuba, ta ce wannan fankamemen kunne ko a cikin duhu ta san mai shi. Ni ma kuka na yi, ba zan ɓoye maka ba.

Kawu Idi da Gwaggo Hajara suna gaishe ka, maƙwabcinmu Mujitaba ma ya ce a miƙa maka gaisuwarsa. Ka shafa mini kan ɗana, ka gode wa Muhsina, ta yi haƙuri da mu ƙwarai. Gobe da sassafe za mu tafi Kano, ka sa mu a addu'a. Inna ta ce in rubuta maka kada ka damu da abin da likita zai ce. Ta ce idon ya gama mata aiki, ta ga mijinta sau biyu a duniya.

Wassalam. Taka ƙanwa,
Luba