Shafukan Dama na Mujallar Babanka

Anapolis, Mayu 1974

Zuwa ga ɗana Shakib,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da matarka Odete da yara. Tarin jikata Samira ya lafa?

Mujallar wannan wata ta iso, kuma raina ya ɓaci. Tun da marigayi babanka ya kafa ta a Sao Paulo, ta dama ake buɗe Larabci, ta hagu Fotugis, su haɗu a tsakiya. Kai ka cire Larabcin kaf, ko shawara babu.

To ji abin da ka jawo. Maƙwabciyata Inna Wadi'a ba ta karanta Fotugis. Ta buɗe ta dama kamar kullum, tana neman shafin rasuwar mutanen gida, ta tarar da tallan takalma. Sai ta yage takardun ta shimfiɗa a kantar kicin. Ashe sunan ƙaninta na can gida Zahle yana cikin waɗanda suka rasu, an rubuta da Fotugis. Jikarta ce ta ɗaga kwalbar zaitun ta gani, bayan kowa ya gama makoki. Ta ce min, "Nazha, ɗan naki ne ya manta mu, ko mu ne muka daɗe ba mu mutu ba?"

Ba takarda kaɗai babanka ya bar maka ba, har da tsofaffin nan. Ka ji tsoron Allah.

Mahaifiyarka,
Nazha

Anapolis, Yuni 1974

Ɗana Shakib,

Ina gaishe ku duka, da fatan sanyin garinku da sauƙi.

Amsarka ta zo. Ashe idon Kawu Murshid ne ya mutu, shi kaɗai ya rage mai iya jera haruffan Larabci na dalma a injin buga mujallar, ka yi ta neman wani ba ka samu ba. Me ya hana ka faɗa? Ka zauna kana cin zuciyarka kai kaɗai, ni kuma ina nan ina zaginka a gaban mutane.

Ka ce injin yanzu hoton shafi yake ɗauka, ko da hannu aka rubuta. To hannuna bai fara rawa ba tukuna. A makarantarmu ta Zahle rubutuna ake liƙawa a bango. Rasuwa, haihuwa, aure, da waƙa ɗaya ko biyu, duk wata zan rubuta su da tawada.

Motar Asabar zan hau. Ka gaya wa Odete kada ta wahalar da kanta, tebur kusa da taga kawai nake so. Kuma ka aske gemun nan kafin in iso.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifiyarka,
Nazha