Laraba ta Makon Pahang

Yogyakarta, farkon Maris

Bli Gede, yayana,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Yaya gwiwoyin Meme? Kullum sai ka ce da sauƙi, ni kuwa na san uwarmu, ko da rarrafe ne sai ta shiga gonar shinkafa.

Saƙonka ya iso. E, binciken da farfesan nan Pak Suarjana da ɗalibansa suka yi a ƙauyenmu na tsibirin Bali ya zo ma'adanar bayananmu, a teburina ma ya faɗo. Aikina in tsefe shi, in tabbatar babu abin da zai nuna wa ya faɗi me, sannan a buɗe wa kowa. Ka ce farfesan ya shaida muku mutum ɗaya ya amsa cewa zai sayar wa masu otal gonarsa, wai in turo maka fayil ɗin ku gano shi. Haba Bli! Don an ba ka shugabancin majalisar ƙauye, shi ne har ni za ka aika? An yi wa mutanen nan alkawarin rufin asiri kafin su buɗe baki. Na san kun yi rantsuwa a ɗakin bauta ba mai sayarwa, na kuma san hukuncin: ba mai gaishe ka, in ka mutu ba mai ɗaukar gawarka zuwa wurin ƙonawa. Shi ya sa ma ba zan turo ba. Ka jira ƙarshen wata kamar kowa.

Ƙanwarka,
Ketut Warsini

Yogyakarta, tsakiyar Maris

Nengah, mijina,

Ina gaishe ka. Yaya teku, yaya aikin jirgi? Kana cin abinci kuwa, ko taba ce kawai?

Ni dai hankalina a tashe yake. Ɗaliban sun goge sunaye, sun goge shekarar haihuwa, amma sun bar otonan ɗin kowa. Abokan aikina duk mutanen tsibirin Jawa ne, ba na Bali ba, sun ɗauka wani lissafin ibada ne, ba su san ranar haihuwa ce ta kalandarmu mai ba kowane mako suna ba, wadda maƙwabta ke taya mutum hidimarta duk sa'ad da ta zagayo. Na gangara kan mai amsar sayar da gonar nan: mace, mijinta ya rasu, otonan ɗinta Laraba ta makon Pahang. Nengah, tun ina yarinya nake saƙa wa wannan rana kwandunan hadaya. Meme ce. Ga abin da ta ce musu: "Na gaji, ƙafafuna sun ƙare. In ba wanda zai sani, gobe ma a zo a auna gonar." Sai da na je banɗaki na yi kukana.

Na buga wa Pak Suarjana, ban ce masa uwata ce ba. Dariya ya yi. Wai shi ma ɗan Bali ne, otonan ba shi da shekara, dubban mutane ke tarayya a rana ɗaya, kuma nazarinsa na gaba a kansa ya dogara. Dubbai a tsibiri, na ji, amma mata nawa ne marasa miji a ƙauyenmu? Bli da kansa ke kiran mai addu'a ranar. Kallo ɗaya zai yi ya gane, kuma ka san shi da taurin kai: ko ya hukunta uwarsa, ko ya ci amanar majalisa.

Na faɗa wa shugabarmu Bu Retno gaskiya. Ta ce tunda abin ya shafi gidanmu dole ta ɗauke aikin daga hannuna. Za ta nemi a kulle otonan ɗin, sai mai izini na musamman. In farfesan ya ƙi, yana iya janye kayansa ya baza da kansa. Yanzu ko fayil ɗin ba na iya buɗewa, sai kallon ƙofar ofishinta nake. Ka yi mana addu'a.

Matarka mai kewarka,
Ketut

Yogyakarta, ƙarshen Maris

Meme, uwata,

Na durƙusa na gaishe ki. Yaya jiki, yaya ƙafa? Na san Bli ne ke karanta miki, to shi ma ina gaishe shi, ko da ya daina ɗaukar wayata.

An buɗe binciken jiya. Farfesa ya yi ta faɗa, daga baya ya sa hannu aka kulle abin da ya kamata a kulle. Na ji Bli ya duba har sau biyu bai gano kowa ba. Ki faɗa wa maƙwabta, duk wanda ya yi magana da ɗaliban nan ya kwantar da hankalinsa, maganarsa tana inda ya ajiye ta.

Na ɗauki hutu, ina nan tafe kafin dashen shinkafa. Na yi magana da Nengah, za mu ɗauki mutum biyu su riƙa yi miki aikin gonar. Bli, kada ka ce ba ta yi ƙorafi ba. In ka gama karanta wannan, ajiye takardar, ka ɗaga zaninta ka dubi gwiwoyin nan da idonka.

'Yarki,
Ketut