Baturen 'Yan Sandan da Ba Ya Karɓar Gyara

Anacha, ranar Laraba

Zuwa ga Yayana Alhaji Jumare, Abakpa Nike, Inugu.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Yaya Kulu da yara. Sau huɗu na kira ka a waya kana ta "Wa? Wa ke magana?" har na haƙura, shi ya sa na ba direban motar albasa wannan takarda. Nemi tabaranka ka zauna, labarin ba mai daɗi ba ne.

An kama mijina. Shekaranjiya Litinin bayan sallar asuba, Aslam da abokan aikinsa huɗu suna hanyar mayanka, kowa da kayan aikinsa a naɗe cikin buhu kamar kullum, sai wasu 'yan sanda suka tare su. Ba na unguwarmu ba ne. Wata runduna ce da aka turo daga can sama saboda fashin da aka yi a babbar hanya makon jiya. Suka kwance buhuna, suka ga wuƙaƙe tara da gatari biyu, shike nan wai sun kama 'yan fashi da makamai. Mahauci da wuƙa, Yaya! To da cokali ake so ya yi fiɗa?

Yanzu suna tsare a ofishin 'yan sandan unguwarmu, kuma an ce ranar Juma'a da safe za a zuba su a mota a yi babban birni da su. Ka san wanda aka yi nisa da shi haka. Sai shekara ta zagayo iyalinsa suna bin ƙofofi, ba su ma san ƙofar da yake bayanta ba. Kwana biyu ke nan ban iya haɗiyar tuwo ba.

Kowa ya ce in kwantar da hankalina tunda Oga Nwadike na nan. Shi ne baturen 'yan sandanmu, ɗan garin nan ne, shekara shida yana kan kujerar. Duk Asabar a teburin Aslam yake sayen nama, har ya san sunan 'yarmu Halimatu da ƙanenta. Ni dai tun can ban sake da shi ba. Mutum ne da ko gyara ba ya karɓa. Aslam zai auna masa nama ya ɗora 'yar tsoka a kai kamar yadda ake yi wa kowa, sai ya sa yatsa biyu ya ɗauke ta ya ajiye a gefe, ya ce, "No, my friend." Shekara shida! Har Sarkin Fawa Maikuɗi ya taɓa cewa a daina ba shi, yana kunyata mutane a gaban jama'a.

To yau da hantsi labari ya cika kasuwar Ose Okwodu cewa ya rubuta takardar ajiye aiki. Yau ɗin nan, da mutanenmu ke kwance a ƙasan siminti a bayan ofishinsa. Ya ga wuta ta taso ya tattara rigarsa ya gudu. Wallahi na fi jin haushinsa a kan waɗanda suka yi kamun, don su ba su san Aslam ba, shi kuwa ya san shi.

Ka gaya mini abin da zan yi. Ka sa Yaya Kulu ta tashi da addu'a.

Ƙanwarka,
Rahinatu


Abakpa Nike, Inugu, Laraba da yamma

Zuwa ga ƙanwata Rahinatu.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Takardarki ta same ni a kara, ina tsakiyar shanu, na karanta ta a tsaye. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah Ya kuɓutar da Aslam da 'yan uwansa, Ya sanyaya miki zuciya. Ki daure ki ci abinci, yara na kallonki. Game da kunnena kuma, lafiyarsa ƙalau, wayar ce ba ta da kirki.

Abin da baturen naku ya yi bai ba ni mamaki ba. Wata uku ke nan muna ja-in-ja a majalisarmu ta bakin masallaci kan maganar nan da ta cika rediyo, wai a ba kowace jiha 'yan sandanta. Malam Sharfuddeen, mai shagon buhuna, kullum cewa yake ɗan sandan da aka haifa a gari shi ya san ɓarawon gari da mutumin kirkin gari, ba wanda aka kwaso daga nesa ba. Ni kuma nakan ce masa, Malam, mu fa baƙi ne a nan, baƙo kuwa raɓa ne. Ranar da 'yan sanda suka zama na jiha kaɗai, daga babba har ƙarami 'yan gida, in rigima ta haɗa ka da ɗan gida wa za ka kai wa kuka? Yanzu da suke na tarayya, ko ba komai ka shiga ofis ka tarar da wanda za ka yi wa sallama ya amsa. Ga shi yau ɗan gida ya nuna mana hali. Gobe da wannan takarda taki zan rufe bakin Sharfuddeen.

Maganar gyara kuwa, tun muna yara a Rimin Gado Baba yake cewa wanda ya ƙi gyaranka ba ya neman komawa wurinka da zumunci. Ai tun nan ya kamata ku gane.

Ga shawarata. Rundunar da aka turo daga sama ba za a rasa ɗan arewa a cikinta ba. Ki ɗauki Sarkin Fawa ku neme shi tun da safe, ku gaishe shi da girmamawa, ku yi masa bayani da harshen da zai shiga zuciyarsa. Naka sai naka. Na aika wa 'yar uwarmu Mas'uda a Fatakwal ta sa mijinta ya nemo mana lauya, ni kuma in Allah Ya yarda ranar Juma'a da sassafe ina Anacha, ko da a bakin motar ne in tsaya.

Kada ki je ofishin nan ki yi musu irin bakin nan naki. Na san ki.

Yayanki,
Jumare


Anacha, Alhamis bayan la'asar

Yaya Alhaji,

Assalamu alaikum. Kada ka taso gobe. Aslam yana gida! Yanzu haka yana tsakar gida Halimatu na zuba masa ruwa a ka, ni kuma ina rubutu. Alhamdulillahi. Su biyar ɗin duka an sake su. Kuma don Allah kada ka kai takardata ta jiya majalisarku, ka ƙona ta.

Na bi shawararka. Shugaban rundunar da kansa ɗan arewa ne, Hausarsa ta fi tawa. Ya karɓe mu da mutunci, ya ba Sarkin Fawa kujera. Da muka gama bayani sai ya ce, "Hajiya, wallahi na tausaya miki. Amma kwanana tara a garin nan, ban san mahauci ba, ban san ɗan fashi ba. Umarni aka ba ni in kawo duk wanda na samu da makami." Muka yi masa sallama muka fito.

A bakin ƙofa wata 'yar sanda, sajan ce, ta ja ni gefe ta ce, "Madam, no cry. Run go court, Oga don carry them go." Na hau okada ban ko tsaya saita mayafi ba.

Ita ce daga baya ta warware mini komai. Tun Talata ake buga wa Oga Nwadike waya daga sama, ya sa hannu ya miƙa mutanen. Ya ce ya san su ɗaya bayan ɗaya, mahauta ne. Aka ce ba a tambaye shi ba. Aka ce in ya ƙi, ƙarin girman da yake jira ya tafi, kuma za a wurga shi wani ƙauye a ƙarshen ƙasa. Shi ne ya rubuta takardar ajiye aiki don kada ya rage abin da za a tsorata shi da shi. Amma kujerar tana hannunsa har ƙarfe huɗu na yau da zai miƙa ta. Da waɗannan sa'o'in ya kwashe su ya kai gaban alƙali, domin abin da ya shiga hannun kotu ba mai zuba shi a mota.

Yaya, da ka ga kotun nan. An baje wuƙaƙen a tebur an rufe da ƙyalle. Oga ya roƙi alƙaliyar, wata dattijuwa mai tabarau, ta sa kowa ya faɗi kamannin kayansa kafin a buɗe. Aslam ya ce tasa babbar bakinta ya ɗan karye a tsini, ƙotarta kuma a ɗaure take da ƙyallen zanen matarsa mai ruwan ganye. Aka buɗe, ga zanena na sunan Halimatu! Na fashe da kuka har aka ce in yi shiru.

Lauyan ɗaya ɓangaren ya ce ai ɗan fashi ma ya san wuƙarsa. Oga ya ce haka ne, amma akwai abin da ɗan fashi bai iya ba. Ashe ya zo da akuya a bayan motarsa, tasa ta gida. Alƙaliyar ta yi dariya, ta ce tunda ta fara aiki ba a taɓa kawo mata shaida mai ƙaho ba, amma a je a gani. Aka fita gindin mangwaro a bayan kotu. Hafizu, ɗaya daga cikin mahautan, ya yi bisimilla ya yanka. Aslam ya tsaga ƙafa, ya dunƙule hannu ya bi tsakanin fata da nama, kafin a ce me ya zare ta kamar riga. Abubakar Sadiq ya fitar da kayan ciki bai fasa matsarmama ba, sauran biyun suka sassara suka kasa. Kowa ya san inda hannunsa ke shiga. Sai Oga ya ɗaga fatar ya saita ta da rana a gaban alƙaliya. Ko hudar allura babu. Nan take ta sallame su.

Na bi Oga har mota na durƙusa cike da kunya, don jiya da bakin nan na zage shi a gaban mata. Sai ya ce da Hausa tsantsa, "Tashi, Maman Halimatu, je ki dafa masa abinci." Hausa, Yaya! Shekara shida ban san yana ji ba. Allah kaɗai Ya san abin da ya ji muna faɗa a kansa a layin nama.

Naman ya ce a dafa wa waɗanda suka rage a tsare. Fatar kuwa na ɗauko ta na sa gishiri, ga ta nan a hannun direba. Ka kai wa majemin nan na wajenku. Shekara biyu suka rage masa ya yi ritaya da girmansa, ya zubar saboda mahauta biyar. Ban san da me ake gode wa irin wannan ba.

Ka gaida Malam Sharfuddeen, ka ce ina taya shi murna.

Ƙanwarka,
Rahinatu


Abakpa Nike, Inugu, bayan mako uku

Zuwa ga mai girma Oga Nwadike.

Gaisuwa da fatan alheri gare ka da iyalinka. Sunana Jumare, dillalin shanu, yayan matar Aslam mahauci. An ce kana jin Hausa, don haka ban nemi tafinta ba.

Na farko, ina neman afuwa. Na yi maka mummunan zato, na kuma rubuta shi da hannuna, alhali ban taɓa ganinka ba. Rashin sani ya fi dare duhu. Na biyu, na gode. Ka mayar wa ƙanwata mijinta, ka mayar wa yara biyu ubansu. Allah Ya saka maka, Ya tsare naka 'ya'yan a duk inda suka zama baƙi.

Ga buzu nan an jeme. Na san ba ka karɓar kyauta, amma wannan fatar akuyarka ce, mayar maka muka yi.

Sai tambaya ɗaya, don majalisarmu ta ƙi ƙarewa. Abokina Sharfuddeen ya ce ka tabbatar da maganarsa, ɗan gari shi ya san gari, a ba jihohi 'yan sandansu. Ni na sunkuyar da kai amma tsorona bai tafi ba, don ba kowane ɗan gari ne kai ba. Kai da ka ga cikin aikin, wanne ya fi?

Naka da girmamawa,
Alhaji Jumare


Anacha, Juma'a

Alhaji Jumare,

Na gode, buzu ya iso, a kansa nake zaune. Ka yi haƙuri da rubutuna, na fi iya Hausa a baki.

Ba ni da amsar da za ta raba ku. Na san mahautan nan domin a garin nan aka haife ni, wannan na Sharfuddeen ne. Amma na san mahauci da fiɗarsa ake gane shi domin aikin tarayya ya kai ni Gusau shekara tara, ina baƙo, maƙwabcina Sarkin Fawa ne, matarsa ta yi wa matata wankan jego. Wannan naka ne. Ku ci gaba da gardama, amma duk wanda aka ba kujerar, a tambaya ko zai iya cewa a'a in waya ta yi ƙara.

Ka gaya wa Rahinatu na ji duk abin da ake faɗa a layin nama, ban riƙe kowa ba. Na san abin da gyara yake nufi a wurinku. Duk Asabar sai na ji nauyi in na ɗauke tsokar nan, amma da kaki a jikina. Da na ci naman Aslam ko sau ɗaya, ranar nan a kotu da lauya ya tambaye ni, kuma da maganata ba ta tsaya ba.

Yanzu babu kaki. Gobe Asabar zan zo. A ce wa Aslam ya ɗora mini gyarana.

Naka,
Nwadike