Idon Baba

Zuwa ga Yaya Suhaibu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da Sa'a da yara, Allah ya ƙara muku rufin asiri a Legas. Mutanen Bunkure lafiya, shinkafar rani ta yi kyau. Wayarka ba ta shiga, shi ya sa na ba Maikuɗi direban tumatir wannan takarda.

Yaya, Baba ne ba lafiya, kuma a tsorace nake. Da farko mun ɗauka mura ce ta tsayuwa cikin ruwa, ga sugansa ya hau. Sai idon hagu ya kumbura, cikin hancinsa ya yi baƙi. Inno ta dinga sa masa kwalli, ka san ta, a wurinta babu ciwon idon da ya fi ƙarfinsa. Da abin ya ƙi, muka kai shi babban asibiti, aka ce sai an ɗauki hoton cikin kansa da wata na'ura mai maganaɗisu, MRI. Sai da aka wanke kwallin tas, wai yana ɓata hoton. Da Baba ya ga ramin da za a tura shi, ya ce kabari ne sak, ya shiga yana salati.

Likita ya nuna mini hoton. Wata irin fumfuna ce ta ci kogon hancinsa, ta shiga bayan idon, tana dab da ƙwaƙwalwa. Ya ce magani kaɗai ba zai isa ba, sai an cire idon, kuma ba abin jinkiri ba ne. Na yi wa Baba magiya, na ce da babu gara ba daɗi. Ya ce, "Da biyu Allah ya aiko ni, da biyu zan koma."

Ba ya jin maganar kowa sai taka. Don Allah ka biyo Maikuɗi, kada ka tsaya haɗa kaya. Yau da safe ya dube ni ya tambaya ko ka dawo daga makarantar allo, kamar har yanzu kai yaro ne.

Inno tana gaishe ku, haka ma Kawu Dattijo. Ka gaida Sa'a da ɗanka Muzammil. Ina nan bakin gadonsa, na ce masa kana hanya.

Ƙanwarka,
Ummukulsum